Rangwamen hitar rana a Kebbi: mai bene zai amfana ko mai figar kaji?

Duk wanda ya kwana a Birnin Kebbi cikin watan Janairu ya san yadda asuba take. Tun kafin kiran farko hayaƙi ya fara tashi ta bayan katangu, kowane gida an ɗora tukunya ko garwa a murhu, yara sun yi tsuru-tsuru a bakin wuta suna jiran a sirka musu ruwa. Gidan da ke da mai jego kuwa, itacen da maigida ya tara ana ganin yana zaizayewa kamar sabulu a hannun yaro. Zuwa azahar ranar da aka kwana ana jira ta fito, ta daki kwanon rufi har ba ka iya ɗora tafin hannu a kai. Zafin da aka saya da kuɗi da asuba, shi ne yake zuba kyauta da rana, kuma ba wanda ya tara shi sai matar da ta shanya baƙar jarka a tsakar gida.

Jarkar nan ita ce kakar abin da ake kira hitar rana. Mutane da yawa in sun ji an ce sola, farantin da ke ba da lantarki ne ke zuwa musu a rai, da batir da inbata. Wannan daban ce. Ba waya, ba batir. Baƙin faranti ne da bututun ruwa a ciki, ko kuma jerin bututun gilashi masu ruɓi biyu, sai tanki a kwance samansu wanda aka naɗe da abin riƙe zafi, tamkar fulas ɗin shayi. Rana ta ɗumama ruwan da ke cikin bututu, ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi sai ya hau tanki da kansa, na sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, haka za su yi ta zagayawa har la'asar ba tare da inji ya tura su ba. Farantin lantarki kusan kashi 20 cikin ɗari na hasken da ya sauka kansa yake mayarwa wuta. Na ɗumama ruwa yakan kama rabi ko fiye. Fasahar ma tsohuwa ce: tun 1891 Clarence Kemp ya yi wa tasa rajista a Baltimore ta Amurka. A nan maƙwabta, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wadda Farfesa Abubakar Sani Sambo ya taɓa shugabanta, ta daɗe tana ƙera irinta.

To in abin yana da sauƙi haka, me ya kawo maganar rangwame? Matsalar ita ce yadda kuɗin ke fita. Mai dafa ruwa da itace yana biya ne kaɗan-kaɗan, yau ɗari biyar gobe ɗari bakwai, bai taɓa zama ya haɗa lissafin shekara ba. Mai sayen hitar rana kuwa a rana ɗaya zai biya kuɗin ruwan zafin shekara goma sha biyar. Ko da lissafi ya nuna masa riba, aljihu ba ya jin lissafi. Rangwame shi ne gwamnati ko kamfanin wuta ya ɗauke maka wani kaso na wannan kuɗin farko, don shi ma yana da abin da zai tsira da shi in ka ɗaura.

Wannan gaɓar ta ƙarshe ita ce mutane ke tsallakewa, kuma a kanta komai ya rataya. Ba don Allah ake ba da rangwame ba. A Afirka ta Kudu, kamfanin wuta na Eskom ya fara nasa ne a 2008, shekarar da ƙarancin lantarki ya sa aka shiga ɗauke wuta bi da bi. A can hitar lantarki na cin kusan sulusin wutar gida, kuma kowa da safe da magariba yake buƙatarta, daidai lokacin da tashoshi ke nishi. Biyan mutum ya cire hitarsa daga layi ya fi wa kamfanin arha a kan gina sabuwar tasha. A Tunisiya gas ɗin girki ne gwamnati ke zuba wa tallafi, da shi kuma ake dafa ruwan wanka, don haka duk gidan da ya koma rana ya rage wa baitulmali nauyi. Isra'ila, da ba ta da mai, ba ta ma tsaya lallashi ba: a 1980 ta sa doka cewa sabbin gidaje sai da hitar rana, yau kuma mafi yawan gidajen ƙasar da ita suke wanka.

Yadda ake miƙa rangwamen ma kala-kala ne, kuma ba duka ne zai zauna a ƙasarmu ba. Amurka ta yi shekaru tana cire wa mutum kashi 30 cikin ɗari na abin da ya kashe daga harajin da ake bin sa, kafin dokar 2025 ta rufe wannan ƙofa a ƙarshen shekarar. Irin wannan sai ƙasar da magidanci ke cike takardar haraji duk shekara. Ka ce wa manomin Suru ko masuncin Yawuri za a rage masa harajin samu, kamar ka yi wa marar doki alkawarin sirdi ne. Ostireliya ta fi dabara: mai saye yana samun wasu takardun shaida masu daraja, sai ya sallama wa dillali, dillali ya zaftare masa farashi nan take a kanti. Akwai kuma na je-ka-saya-mu-mayar-maka, inda sai ka biya duka, ka kai rasit, ka jira. Wannan ma mai abin hannu yake wa amfani, domin wanda ya iya biyan duka tun farko ba shi ne ke neman agaji ba.

Yanzu mu dawo gida mu yi lissafi, don nan ne maganar take da nama.

Ɗumama lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya na cin kusan wat 1.16 na awa guda. Lita 100, wato jarka huɗu masu lita 25, in za a ɗaga su daga digiri 20 zuwa 60, sai an kashe kusan yunit 4.7 na wutar mita. Tun Afrilun 2024, da hukumar kula da lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin masu layin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, zuwa naira 225 kafin a ɗan sassauta, yunit ɗaya a wannan layi ya haura naira 200. Kenan jarka huɗun nan kusan naira 1,000 ne a rana. In da itace ne a murhun duwatsu uku, wanda yawancin zafinsa iska ke kwashewa, sai an ƙona wajen kilo 8 zuwa 10. Ita kuwa rana a wannan yanki tana sauke kimanin yunit 6 a kan kowane murabba'in mita a wuni, don haka faranti mai murabba'in mita biyu ya ishi wannan aiki.

Mu ƙaddara, don misali kawai, hitar da ɗaurinta sun ci naira 600,000. Magidanci a unguwar Gesse ko Badariya a Birnin Kebbi kwana nawa yake buƙatar ruwan zafi? Daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu, a ce kwana 100, sai ɗan abin da ba a rasa ba da damina. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ruwan tankin sama da kansa yake ƙona bayan mutum, sai an tara a baho an bar shi ya huce. Wannan magidanci naira 100,000 zai tsira da ita a shekara, shekara shida kafin kuɗinsa su dawo, wannan ma in yana Band A ne kuma da hitar lantarki yake amfani. A ba shi rangwamen kashi 30, ya koma shekara huɗu da 'yan watanni. Zai saya? Wanda zai saya dama mai bene ne da ya riga ya yi niyya, sai ya karɓi rangwamen ya ce Allah ya ƙara girma. An kai gishiri Bilma.

Ɗauki wanda ke buƙatar jarka huɗun nan kullum, rani da damina. Shi wajen naira 350,000 zai tsira da ita a shekara, kuɗinsa su dawo kafin shekara biyu. Na'ura ɗaya, rana ɗaya, farashi ɗaya, amma amfanin ya ninka fiye da sau uku. Abin tambaya kenan su waye waɗannan mutane a Kebbi.

Je ka layin 'yan kaji a kowace babbar kasuwa da hantsi. Za ka tarar da rabin duro a kan wuta, ruwan ciki ya yi launin ƙasa, yaro na tura itace da ƙafa yayin da hannuwansa ke cikin gashin kaza. Ruwan figa ba tafasasshe ake so ba, in ya yi zafi da yawa fatar kazar ta saɓule, mai kaza ya yi faɗa. Wajen digiri 60 ake nema, zafin da hitar rana take kaiwa cikin sauƙi. Kuma aikinsu da rana ne, ba sai tanki ya kwana da zafi ba. Na taɓa tsayawa ina jiran a fige min zabi biyu, na tambayi mai wurin me ya fi ci masa kuɗi. Bai ɗago ba ya nuna tarin itacen da wuƙa, ya ce, "Alhaji, ga abokin rabona nan. Kafin in kai gida shi ke fara ɗibar nasa."

Sai masu turara shinkafa, waɗanda a jihar da ta yi suna da shinkafa ba a ƙirga su da yatsu. Manyan injina irin Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu suna da tukwanensu na tururi, ƙaiƙayin shinkafa ma makamashi ne a wurinsu. Matan da ke aikin a gida da duro fa? Aikin hawa biyu ne: a jiƙa shinkafar a ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 70, sannan a turara ta. Hitar rana ba ta yin hawa na biyu, tururi sai wuta, kada wani dillali ya yaudare su. Amma hawan farko nata ne, kuma ko ruwan turarar ne, ɗora shi a wuta yana da zafi ya fi a fara da na rijiya.

Ɗakunan haihuwa na asibitoci suna buƙatar ruwan zafi dare da rana, wata goma sha biyu. Haka kicin ɗin makarantun kwana, da gidajen wanka na tasha, da mahauta, da otal-otal. Sai dai su ma ba jaka ɗaya za a zuba su ba. Mai otal da ke kunna hita da janareta, tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 ya san zafin lissafinsa. Shi ba kyauta yake buƙata ba, a ba shi hanyar biya a hankali ya wadatar. Asibitin karkara da makarantar gwamnati ba sa samun ribar da za su biya bashi da ita, nasu sai dai a ɗaura musu. Mai figar kaji da mai turara shinkafa su ne a tsakiya, su ne kuma rangwame na gaskiya ya dace da su: a rage musu farashi tun a wurin saye, ragowar su biya a ƙungiyance kamar adashi.

Wankan jego fa, wanda kowa zai fara kawowa? Kwana arba'in, safe da yamma, tukunya guda a kowane wanka. Itacen da yake ci ba kaɗan ba ne, shi ya sa tanadinsa ke kan miji tun ciki na wata bakwai. Amma gida ɗaya ba ya jego duk shekara, don haka hita ɗaya a unguwa ko a babban gidan gandu ta fi ma'ana a kan kowa da tasa. Kuma in na ce gaskiya, ruwan da bai kai tafasa ba, alheri ne ga mai jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da al'adar tsananin zafi da kunun kanwa. Na san gwaggonnina ba za su yarda ba. A wurinsu ruwan da ganyen darbejiya bai daki jiki da shi yana tiriri ba, wasa ne.

Wa zai biya rangwamen a nan? Dalilin Eskom bai shafi Kaduna Electric ba, kamfanin da ke raba wuta a Kebbi da Zamfara da Sakkwato da Kaduna. Shi matsalarsa wutar da zai sayar da kuɗin da zai karɓa, kuma yawancin ruwan zafin jihar ba da wutarsa ake dafawa ba. Abin da hitar rana za ta tsirar a Kebbi itace ne, da huhun matar da ke tsugune a hayaƙi. Don haka aljihun da ya kamata a taɓa shi ne na yaƙi da hamada da na lafiya. Kebbi da Zamfara suna cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wato dashen bishiyoyi don tare hamada, suna kuma cikin shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL da Bankin Duniya ke ɗaukar nauyi. Dasa bishiya da hana sare wadda ta riga ta girma duk tafiya ɗaya ce, ta biyun ma ba ta buƙatar ban ruwa. A wasu sassan Zamfara da kudancin Kebbi kuwa shiga daji neman itace ya zama sayar da rai, wannan kaɗai ya isa dalili. Manyan kuɗin sola da ke shigowa ta hukumar samar da lantarki a karkara, REA, irin dala miliyan 750 na shirin DARES da aka amince da shi a Disamban 2023, na samar da lantarki ne. Ruwan zafi sai jiha ta nema masa gurbi da kanta.

Tsarin Tunisiya, mai suna PROSOL, wanda ya fara a 2005, shi ne ya fi jan hankalina: ɗan tallafi a kan farashi, ragowar banki ya biya dillali, magidanci ya riƙa biya cikin takardar kuɗin wuta har shekara biyar. Ya yi aiki ne don kusan kowa na da mita kuma ba a wasa da takardar wuta. Mu nan sai an nemo wata igiyar, ƙungiyar 'yan kasuwa ko albashin ma'aikata. Sannan a guji haɗa ruwan zafi da kuɗin ruwa. Bankin da ba ya ta'ammali da ruwa zai iya sayen hitar ya sayar da ƙayyadadden farashi a biya a hankali, mutane su shiga da natsuwa. Kuma kowa a Kebbi ya tuna bashin noman shinkafa na Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a jihar nan a Nuwamban 2015. Shinkafa ta samu, amma biyan bashin ya zama ja-in-ja, don da yawa sun ɗauke shi rabonsu ne na arzikin ƙasa. Duk abin da ya fito da tambarin gwamnati yana cikin wannan haɗari.

Kenya ta gwada ta ƙarfi. Dokarta ta 2012 ta tilasta wa duk ginin da ke amfani da fiye da lita 100 na ruwan zafi a rana ya ɗaura, da tara ga wanda ya ƙi. Masu gidajen haya suka yi ca, majalisa ta soke dokar a 2018.

Darasin da ya fi kusa da halinmu shi ne ƙarshen labarin Afirka ta Kudu. An yi burin hita miliyan ɗaya, aka tsaya a wajen 400,000. Da yake kuɗi na fita ne da zarar an ce an ɗaura, kamfanoni suka yi ta tsirowa kamar naman kaza, aiki ya zama na a-gama-a-karɓa, ƙorafin yoyo da rashin mai gyara ya yi yawa. Bayan shirin ya koma hannun ma'aikatar makamashi a 2015, sai ta sayi dubun-dubatar hitoci da kanta, suka yi shekaru a sito ana biyan kuɗin ajiya. Mu da muka ga fitilun sola na kan titi da rijiyoyin burtsatse da suka mutu wata shida bayan yanke kyalle, wannan labari ba sai an fassara mana ba.

Hitar rana ba ta da wuyar sha'ani, amma ƙananan abubuwa ke kashe ta, kuma duk suna nan a wurinmu. Hazon hunturu na rage ƙarfin rana daidai lokacin da aka fi son ruwan, ƙura kuma na rufe gilashi, sai an sa yaro yana gogewa duk bayan kwana biyu ko uku. Ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri na barin farin ɓawo a cikin bututu, irin wanda ke daskarewa a gindin butar mai shayi. Fuskar farantin kudu za ta kalla, da ɗan jingine, tunda muna wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya kuma rana kudu take karkata a hunturu. Tanki mai lita 200 in ya cika ya haura kilo 200, ba kowane rufin kwano ko soro ne zai ɗauka ba, gara a yi masa ƙafafun ƙarfe a ƙasa. Gidan da da guga ake ɗebo ruwa sai an yi masa ƙaramin tankin da zai riƙa ciyar da ita. Babban kuskure kuma shi ne ruwa ya yanke, bututun gilashi su wuni a rana ba komai a ciki, sannan a sako musu ruwan sanyi da azahar: nan take suke tsagewa. Gilashi ɗaya ya fashe a irin wadda ruwa ke shiga bututun kai tsaye, tanki duka ya tsiyaye. In ba a samun gilashin canji a Birnin Kebbi sai an aika Kano ko Legas, to an gama, hita ta zama wurin shanya. Ruwan kuma a watan Afrilu yana iya kaiwa zafin da zai saɓule fatar yaro, don haka a asibiti da makaranta dole a sa abin sirkawa kafin famfo.

Shi ya sa in ni aka tambaya, wani kaso na kuɗin ba mai saye zai tafi ba. Masu gyaran famfo za a koya wa aikin, a kwalejin kimiyya ta Waziri Umaru ko jami'ar Aliero, kuma kada dillali ya shiga shirin sai ya nuna shagon da ya ajiye gilashin canji a cikin jihar. Rangwamen kansa a raba shi biyu. Rabi ranar da aka ɗaura. Ɗaya rabin dillali ya jira sai hitar ta ga damina ɗaya da hunturu ɗaya, sannan mai duba aiki ya zo ba sanarwa, cikin Janairu, da asuba, ya buɗe famfon ɗakin haihuwa ya tara hannunsa.